Ranar da Ɗanliti Ya Buɗe Kwaɗon Gwaggo Kulu

A shekarun nan da damina ta yi rowa sau biyu a jere, gwamnati kuma ta shiga sallamar ma'aikata kamar mai kaɗe tabarma, Ɗanliti ya dawo ƙauyensu Marken Gabas, can tsakanin Dawakin Tofa da Bici. Ya dawo da akwatin kwano ɗaya da baki ɗaya, kuma bakin ya fi akwatin kaya. Wata goma sha ɗaya ya yi yana masinja a wani ofis a Kano, amma in ka ji shi a gindin darbejiya bayan la'asar, sai ka rantse da shawararsa aka gina birnin.

"Makulli ashirin da bakwai," in ji shi, yana dukan ƙugunsa. "A nan suke wuni. Ranar da na makara, Darakta a rana yake tsayawa."

"To da suka kore ka, ta taga suke shiga?" in ji Tasi'u.

Tasi'u ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa, don haka duk abin da ya faɗa ba a yin fushi, sai dai a rama. Ɗanliti ya ce da shi bawa ba ya sa baki in iyayen gidansa suna magana, ya ci gaba da labarinsa.

Wata ranar kasuwar Bici, matarsa Barira ta ba shi zakaranta ya sayar, ya sayo mata gishiri da kanwa da ɗan kalanzir. Ya sayar da zakara lafiya. Yana ratsa layin masu tsofaffin ƙarafa sai ya ga mutane sun yi da'ira. Wani dattijo ne, Malam Uwaisu mai gyaran fitila da makulli, wata mata ta kawo masa kwaɗon da makullinsa ya ɓata. Kafin ta gama ba shi labarin yadda ya ɓata, ya zura wata 'yar waya, ya ɗan motsa yatsu, kwaɗo ya ce ƙas, ya buɗe baki.

Ɗanliti ya ji wani abu ya tsarga masa tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Nan take gishiri ya fita daga kansa. Ya kutsa, ya tsuguna, ya miƙa hannu.

"Baba, abokin aiki ne. Ni ma harkar makulli na yi a birni. So nake ka zaɓar min kayan buɗe kwaɗo, irin na manya."

"Ka taɓa buɗewa ba da makulli ba?"

"Ban dai samu lokaci ba."

Malam Uwaisu ya dube shi sama da ƙasa. Ya ɗauko siririyar waya mai ɗan lanƙwasa a baki, da wani guntun ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba.

"Ɗan koyo waɗannan biyun sun ishe shi. Sai tsohon kwaɗo naka na kanka, ka yi wata uku kana lallashinsa. Kuma ka riƙe wannan: kada ka koyi aiki a kan kwaɗon da ake jiran abin da ke bayansa."

"Biyu? Haba Baba, ko mai yankan farce ai ya fi haka kaya."

Kalmar ɗan koyo ce ta tsaya masa a rai. Ya janyo tulin ƙarafan dattijon gabansa ya shiga zaɓe da kansa, kuma ma'auninsa ɗaya ne: abin da ya fi nauyi shi ya fi aiki. Ya ɗauki wayar ƙafar keke. Ya ɗauki basilla ta ɗinkin buhu, da haƙarƙarin tsohuwar lema, da hantsaki, da abin murɗe gwangwanin kifi. Can ƙasa ya tono wata ƙatuwar ƙusa da aka daddale bakinta ya yi faɗi, ya ɗaga ta yana murmushi kamar ya ga ɗan'uwa. Guntun ƙarfen da dattijon ya nuna masa kuwa ya ture shi gefe. 'Yar wayar ma da ƙyar ya karɓa, don an ce gyara ce. Tsohon kwaɗo na koyo bai ko waiwaye shi ba.

"Allah ya tsare," in ji Malam Uwaisu.

"Ya tsare ni?"

"Ya tsare kwaɗunan garinku."

Barira tana tankaɗe ya shigo yana kacau-kacau. Ta leƙa hannunsa na dama, ta leƙa na hagu.

"Malam, ina gishirin?"

"Barira, gishiri narkewa yake yi. Ƙarfe kuwa gado ne."

"Zakaran fa?"

"Ya shiga harkar ilimi."

Ya shimfiɗa buhu ya jera kayan, ya raba musu muƙamai irin na ofis. Ƙatuwar ƙusa ita ce Babban Sakatare. Wayar keke Darakta. Basilla Sufeto. Ya duba ya ga babu Akawu, sai ya zare tsinken kitson Barira daga jikin zana ya naɗa shi nan take. 'Yar siririyar wayar nan ta rage.

"Wannan Masinja ne," ya ce, ya jefa mata. "Ba shi da ta cewa in manya suna nan. Ki riƙa tone lagwanin fitila da shi."

Barira ba mai yawan magana ba ce. Ta ɗauka, ta dube ta, ta soke a gefen ɗankwalinta.

Ya huda abin hudawa, ya lanƙwasa abin lanƙwasawa, ya zuba su duka a zoben ƙarfe, ya ɗaure zoben a zariyar wandonsa da ƙulli uku, daidai inda makullan ofis suke zama a da. Daga ranar ba a ƙara buƙatar tambayar ina Ɗanliti yake ba. Kunne ke faɗa.

Lokacin kuwa yunwa ta sa kowa ya koma kulle. Mai rumbu ya sa kwaɗo, mai ɗakin awaki ya sa kwaɗo, har akurkin kaji wani ya yi wa sarƙa. Ɗanliti ya ga ai gona ce ta nuna. Ya bi gida gida yana neman a ba shi kwaɗo ya gwada.

"Ba sana'a ba ce," yake bayani a gindin darbejiya. "Sha'awa ce. Manyan ma'aikata kowa da abin da yake yi in ya tashi aiki. Wani kiwon tantabaru, wani tara kan sarki na wasiƙa. Ni buɗe kwaɗo ba makulli."

Muhammadu Sani, maƙwabcinsu, mutum mai 'ya'ya takwas da fuskar da ba ta cika dariya ba, ya gyara zama.

"Ɗanliti, mai buɗe kwaɗo ba makulli, a garin nan suna ɗaya gare shi. Ba na son in kira ka da shi."

"Jahilci ke nan. A birni injiniya ake cewa."

"A birnin ma in an kama injiniyan, sanda ake sa masa," in ji Tasi'u.

Kowa ya hana shi. Ya koma gida ya nufi adakar Barira, ta riga shi ta hau kai ta zauna tana tsince wake, ba ta tashi ba sai da aka kira magariba. Kwana ashirin ma'aikata suna rataye a ƙugu ba su ga aiki ba.

To a Marken Gabas akwai wata al'ada da wahalar shekarun nan ta haifar. Da zarar an yi girbi, gidaje shida na unguwar sukan ware irin shuka, gero da dawa da wake, a gauraya da toka a zuba a tuluna a liƙe baki, a kai wa Gwaggo Kulu, mahaifiyar Tasi'u. Dalili kuwa, ba wanda ya yarda da kansa. In bazara ta yi tsanani yara suna kuka, mutum sai ya dake irin ya ci, ya wayi gari da gona ba abin zubawa. Gwaggo Kulu kuwa ko za ka yi birgima a gabanta ba za ta ba ka ƙwaya ɗaya ba. Tana ajiye tulunan a wata 'yar bukka mai jinka a bayan ɗakinta, ƙyauren katako, sarƙa mai kaurin yatsa, da wani baƙin kwaɗo mai girman tafin hannu wanda marigayi mijinta ya bari. Ba ta buɗewa sai an yi ruwan shuka, ta fita da kanta ta tona ƙasa ta ga laima ta kai inda take so.

A shekarar ruwa ya yi jinkiri har mutane sun fara kallon sama da wuya a karye. Sai ran wata Talata aka wayi gari an kwarara shi. Ƙasar wajen kuwa jigawa ce, yashi, in ta sha ruwa da safe, kafin gobe ta manta. Wanda bai zuba iri ran nan ba sai ya jira wani ruwan, kuma a shekarun nan ba wanda ya san ko akwai wani.

Tun da hantsi gidan Gwaggo ya cika. Maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙore a hannu, kowa yana dariya ba dalili. Gwaggo ta fita bayan gida tonon ƙasa, aka tsaya jiranta a gaban bukka. Sai aka ji kacau-kacau.

Ɗanliti ya tsaya yana kallon baƙin kwaɗon nan kamar mai azumi ya ga kunu.

"Me ake jira?"

"Gwaggo da makulli," in ji Barira. "Malam, don Allah mu tsaya daga nan."

"Ana jiran makulli ina gari? Tasi'u, matsa ka ga aikin birni."

"Ka bari ta dawo," in ji Muhammadu Sani.

Ina, ya riga ya tsuguna. Ya ɗage riga, ya zaɓi Darakta, ya yi bisimilla da ƙarfi don na baya su ji, ya zura wayar a ramin makulli. Ko juyawa bai yi ba. Kwaɗo ya saki, ya faɗo a tafin hannunsa a buɗe.

Shi kansa Ɗanliti sai da ya kusa faɗuwa da baya. Sannan wata mata ta rangaɗa guɗa, aka ɗauki salati, Muhammadu Sani ya riƙe haɓa.

Ɗanliti ya miƙe a hankali, ya ɗaga kwaɗon sama yana juyawa da shi gabas da yamma. Ji yake kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

"Wata uku, in ji tsohon Bici! Wata uku! Ko numfashi uku na yi? Barira, kin ga inda zakaranki ya tafi? Muhammadu Sani, maimaita sunan nan da ka ce!"

"Ni ban gani ba," in ji Tasi'u. "Atishawa na yi."

"Ba ka gani ba?"

"Wallahi idona a rufe yake. Sa'a ce irin ta makaho da ya taka kuɗi."

"Sa'a? To buɗe idon da kyau, bawan banza. Sau goma zan yi maka."

Ya mayar da kwaɗon cikin sarƙa, ya haɗa tafuka biyu ya danna. Kwaɗo ya ce ƙaras, da wata irin murya mai nauyi, ta abin da ya daɗe yana jiran wannan rana.

Daidai nan Gwaggo Kulu ta zagayo, hannunta da jiƙaƙƙen yashi har gwiwar hannu, tana cewa, "Alhamdulillahi, ta sha, kowa ya kawo..." Sai ta tsaya. Ta dubi kwaɗo. Ta dubi taro.

"Wa ya danna?"

"Ni ne, Gwaggo," in ji Ɗanliti da fara'a. "Yanzu na buɗe shi, zan sake..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan nan, ka kashe mu."

"Ai sai ki kawo makulli, Inna," in ji Tasi'u.

"Wane makulli? Makullin da ya faɗa rijiya shekara uku ke nan?" Ta zauna a kan turmi. "Saƙala shi kawai nake yi, in juya bakin ya dubi bango. Kwaɗon nan tun rasuwar Malam bai kullu ba sai yau."

Aka dubi juna. Muhammadu Sani ya sauke sunguminsa a hankali.

"Gwaggo, kina nufin bazarar bara a buɗe yake? Wallahi sau biyu ina zuwa in tsaya a gaban kwaɗon nan, in tuna ba ni da makulli, in koma gida."

"To da ka san a buɗe yake, yau me za ka shuka?"

Duk idanu suka juyo kan Ɗanliti.

Da wani mutum ne ya ji haka, da ya nemi ƙasa ta tsage. Ɗanliti kuwa gyaran murya ya yi.

"Wannan bai canza komai ba. Ko a buɗe yake, ai sai da na taɓa shi ya faɗo. Ku ba ni wuri."

"A kira maƙeri," wani ya ce.

"Ya tafi Dawakin Tofa tun jiya, sai jibi."

"To a sa gatari a fasa ƙyauren."

"Wanda ya sa wa ƙyauren Malam gatari, ya fara sara ta kaina," in ji Gwaggo.

Barira ta matso kusa da mijinta, ta yi ƙasa da murya. "Malam, ai jinkar nan..."

"Barira, ana aikin ƙarfe kina zancen ciyawa. Koma baya."

Ya sake zura Darakta. Ya juya dama, shiru. Ya juya hagu, shiru. Ya cije leɓe ya murɗa da ƙarfi, Darakta ya ce ɓas, rabinsa ya zauna a ciki.

"An yi wa Darakta ritaya," in ji Tasi'u.

"Da gangan na bar shi, yana riƙe min wuri. Akawu zai shiga ya duba."

Akawu ya shiga a miƙe ya fito kamar ƙugiya. Barira ta dubi tsinken kitsonta, ta kau da kai. Hantsaki ya shiga ciro Darakta, ya ƙara tura shi ciki. Abin murɗe gwangwanin kifi ko ƙofar bai samu ba.

"Tsatsa ce," in ji Ɗanliti, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. "Shekara uku ba kulawa. A kawo mai."

Ba mai a unguwar sai ɗan man gyaɗan da Gwaggo take ɗigawa a miya ranar Juma'a. Da ƙyar ta bayar, ta ce ɗigo biyu. Ya tuntsura rabin kwalba. Kwaɗo ya yi santsi, hannu ya yi santsi, ya danna Sufeto, Sufeto ya zame ya shige babban yatsansa.

"Wayyo! A'uzubillahi!"

"Sufeto ya kama mai laifi," in ji Tasi'u. Mata suka rufe baki da mayafi, kafaɗu suna rawa.

Amma dariyar ba ta kai ciki ba, don rana ta ɗaga. Saman yashin tsakar gida, da yake baƙi da safe, ya fara yin fari-fari. Daga gonakin wasu unguwanni ana jiyo muryoyin masu shuka. Muhammadu Sani ya tona ƙasa da babban yatsan ƙafa ya duba, ya sake tonawa.

"Ɗanliti, laima tana gudu."

"Ƙarfe in ya ji wuta yakan saki jiki. A kawo garwashi."

"Malam, da an ɗaga..." in ji Barira.

"Na ce garwashi!"

Aka kawo a kasko. Ya kara a ƙarƙashin kwaɗo yana hurawa. Man gyaɗa ya ce bismillah, wuta ta tashi fuu, ta lashe masa gira ɗaya da gefen gemu, ta miƙa harshe tana neman bakin jinka. Mata suka sa ihu. Gwaggo Kulu, da tsufanta, ta sungumi tulun ruwa ta juye a kan wutar da mai wutar baki ɗaya.

Ɗanliti ya tsaya yana ɗiga, hayaƙi yana tashi daga hularsa.

"Yawwa," ya ce. "Haka maƙera suke yi. Zafi, sannan sanyi. Yanzu ya yi laushi. Lokacin Babban Sakatare ya yi."

Ya matsa jikin ƙyaure, don ƙusar tana cikin zobe, zobe kuma yana jikin zariya. Ya saita bakinta a ramin makulli, ya ɗauki dutsen niƙa, ya buga. Ya sake bugawa. A na uku Babban Sakatare ya shige har wuya. Ya murɗa, ko gezau. Ya ja, ko gezau. Ya yunƙura zai miƙe, sai ya ji wandonsa ya ce ina za ka.

Nan ne ya gane abin da ya faru. Ƙusa ta kafe a kwaɗo, kwaɗo yana sarƙa, sarƙa tana ƙyaure, shi kuma yana ɗaure da su duka ta zariya, kamar akuya a turke. Hanyar tashi ɗaya ce, ya kwance wando a gaban gwaggonsa da matan unguwa. Kuma ƙulli uku ne, sun sha mai, sun sha ruwa.

Ba wanda ya lura tukuna. Ya yi saurin tattaro babbar rigarsa ta baya, ya lulluɓe kansa da kwaɗon gaba ɗaya, irin yadda masu ɗaukar hoto suke yi a birni.

"An zo wurin sirri," ya ce daga ciki. "Sai na saurari cikin kwaɗon. Kada wanda ya yi magana, kada wanda ya yi tari. Wanda ya yi motsi, in ya ƙi buɗuwa laifinsa ne."

Ya shiga fama da ƙulli da farce da haƙori.

A waje, Barira ta je ta durƙusa kusa da turmi ta yi wa Gwaggo raɗa. Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi jinka. Bara waccan aka ɗaure ta a ƙasa, maza takwas suka ɗauka suka kifa a kan bango, kamar yadda ake yi wa kowace bukka. Abin da aka kifa kuwa ana iya ɗagawa. Ta yafito Tasi'u da hannu. Tasi'u ya saurara, ya toshe bakinsa da hula, ya yafito sauran.

Ɗanliti a cikin riga ya ji wurin ya yi tsit, irin shirun da bai taɓa samu ba ko a ofis. Duk da halin da yake ciki sai da ya ji daɗi. Ashe dai sun san girma. Ya ji ɗan ƙara a sama, ciyawa ta zubo masa a baya, ya ce, "Na ce kada a yi motsi!" Aka ƙara yin tsit. Ƙulli na farko ya ƙi. Ya koma na biyu, ya tuna sai na farko ya kwance ake isa gare shi.

Can sai ya ji ƙwan, ƙwan, ƙwan, a jikin ƙyauren, daidai kunnensa.

Ya daina numfashi. Ko dai kwaɗon ne da gaske?

"Kun ji?" ya ce da ƙarfi. "Ya fara amsawa! Na gaya muku!"

Ƙwan, ƙwan. Sannan wata murya mai kauri ta fito daga cikin ɗakin da yake kulle.

"Salamu alaikum. Wane ne yake damun mu a ƙofa tun safe?"

Ɗanliti ya ƙwalla ƙara, ya zabura zai gudu. Zariya ta fizgo shi, ya dawo ya bugi ƙyaure, ya zube a cikin caɓin ruwa da toka, ƙafafu a sama, ma'aikata suna kacau-kacau. Riga ta yaye daga kansa.

Abin da ya fara gani shi ne jinka ta karkace, an ɗaga bayanta an tokare da gwafa biyu. Sannan ya ga tuluna shida a jere a tsakar gida, mata har sun fara fasa liƙin suna zuba iri a ƙore. Sannan ya ga kan Tasi'u ya leƙo ta saman bango daga cikin bukka.

"Ɗan kawu, sannu da aiki. In ka buɗe ka shigo, ina ciki."

Dariyar da aka danne tun ɗazu ta fashe gaba ɗaya. Wata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Muhammadu Sani, wanda aka ce rabonsa da dariya tun kafin fari, ya jingina da bango yana share hawaye. Da suka gane abin da ya hana shi tashi kuwa, sai da wasu suka fita waje don su samu numfashi.

Ɗanliti ya gyara zama gwargwadon yadda zariya ta bari.

"Amma dai kun shaida," ya ce, "na farkon ni na buɗe."

"Na shaida na biyun kai ka rufe," in ji Gwaggo Kulu. "A nan kam ban taɓa ganin gwani irinka ba. Ku tafi gona, jama'a, rana tana yi."

Kafin ka ce kwabo gida ya watse. Saura Barira da ƙwaryar irinsu a hannu, da Tasi'u da ya diro daga bango.

"Malam, gonarmu," in ji Barira. "Ni kaɗai ba zan sara in zuba ba."

"To ki... a samo wuƙa. Gwaggo, don Allah ki ɗan shiga ɗaki."

Aka yanke zariya. Ma'aikata suka zauna a jikin kwaɗo suna lilo, Gwaggo ta leƙo ta ce a bar mata su nan, ko ɓera ya taɓa ƙyauren za ta ji. Sara da sungumi kuwa hannu biyu yake so, wando ba zariya shi ma yana son ɗaya. Tasi'u ya ce shi ba zai ga ɗan kawunsa a wulaƙance ba. Ya kwanto igiyar akuyar Gwaggo, ya zagaya masa a ƙugu, ya ɗaure da hannunsa, ya ja har sai da Ɗanliti ya yi nishi.

Sun samu laimar, da ƙyar. Ɗanliti a gaba yana sara, gira ɗaya, yatsa a naɗe da tsumma, Barira a baya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Kunya ba ta hana shi magana ba. Kafin su kai ƙarshen gona ya gama bayyana mata cewa kwaɗon na zamanin Turawa ne, irinsa uku ne kacal a ƙasar Kano, kuma ko tsohon Bici ba zai iya da shi ba.

Da aka kira azahar ya ajiye sungumi, ya ɗauki buta ya zaga bayan wata sabara. Ya daɗe. Barira ta ji nishi, ta ji tsaki, ta ji ana ambaton sunan Tasi'u da abin da ba addu'a ba.

Daga gonar da ke iyaka da tasu Tasi'u ya ɗaga murya. "Ɗan kawu! Ƙullin jaki na yi wa igiyar nan! A turo Darakta ne ko Babban Sakatare?"

Can sai murya ta fito daga bayan sabara, ƙasa-ƙasa, ba irin ta gindin darbejiya ba.

"Barira."

"Na'am, Malam."

"Wannan 'yar wayar... tana nan?"

Barira ta ajiye ƙwarya. Ta zare ta daga gefen ɗankwali, ta miƙa ta saman sabara tana kallon wani wajen.

"Ga Masinja," ta ce. "Dama ai shi yake buɗe wa manya ƙofa."